Alƙalamin wa? Sake karanta Les alhazai de Maradi ta fuskar dangantakar attajirai, ƴan siyasa da hafsoshin soja

Gabatarwa

A shekarar 1986 ne cibiyar bincike ta ORSTOM ta buga littafin Emmanuel Grégoire mai suna Les alhazai de Maradi, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 1992. Tun daga lokacin ya zama ƙofar da ɗalibai suke shiga ta cikinta idan za su rubuta kundi a kan kasuwancin kudancin Nijar, kuma ya cancanci wannan matsayi. Abin da muke nufin yi a wannan takarda shi ne mu sake karanta shi da tambaya guda a hannu: duk inda littafin ya ce hukuma ta bayar, ko ta hana, ko ta kawar da kai, wane ne yake riƙe da alƙalamin? A ganinmu littafin, da yawancin rubuce-rubucen da suka bi sawunsa, sun ɗora tukunyar a kan duwatsu biyu, wato attajiri da hukuma, alhali murhun yana da dutse na uku, shi ne hafsan soja. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan giɓi yana canza yadda ake fahimtar sauran biyun, kuma mafi yawan abin da ya ɗaure mutanen uku da juna takardu ne da ake sa wa hannu a ofis: izinin saye, bashin banki, takardar duwan da kwangila.

1. Abin da littafin ya kafa

Grégoire ya ɗauko labarin daga tushe. Katsinawan da suka bar garinsu bayan jihadi ne suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, garin ya zauna a kwarin Gulbi har ambaliyar 1945 ta sa aka maida shi bisa tudu. Abin da ya raya shi a zamanin Turawa shi ne cinikin gujiya. Manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA ba sa shiga ƙauye da kansu. Suna ba wasu ƴan gari kuɗin gaba, su kuma su rarraba wa yaransu da ke zaune da sikeli a kasuwannin karkara. Daga wannan ɗan tazara tsakanin farashin ƙauye da farashin kanti ne jarin farko ya taru, kuma ƙarami ne.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 sai lamarin ya sake kama. An kafa bankin BDRN a 1961 tare da taimakon wani bankin Tunisiya, aka kafa SONARA a 1962 aka damƙa mata fitar da gujiya ita kaɗai, aka kafa COPRO-Niger a wannan shekara aka ba ta ikon shigo da kayan masarufi kamar sukari da gishiri da shayi. Manufar ita ce a rage ƙarfin kamfanonin Turawa. Amma SONARA ba ta da ƙafafun zagaya kasuwanni, COPRO ba ta da kantunan da za su kai kaya kowane gari, saboda haka dole suka zaɓi waɗanda za su saya musu da waɗanda za su sayar musu. Wanda sunansa ya shiga wannan jeri ya sami ciniki tabbatacce, kuma da takardarsa a hannu yana iya zuwa BDRN ya karɓi bashi. Wanda bai shiga ba ya koma yaron wanda ya shiga. Idan muka tuna cewa Sawaba, jam'iyyar Jibo Bakari da aka haramta a 1959, tana da ƙarfi ƙwarai tsakanin ƙananan ƴan kasuwa da ƴan mota na Maraɗi da Tasawa da Damagaram, za mu gane cewa jerin sunayen ba zai rasa launin PPN-RDA ba.

Sai yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970, wanda ya toshe hanyoyin kudu ya buɗe wa ƴan kasuwar bakin iyaka ƙofa. Sai kuma abin da ya fi kowane girma, cinikin wucewa da kaya (transit). Nijeriya ta hana shigo da wasu kaya, musamman taba sigari da yadi, ko ta ɗora musu haraji mai nauyi. Kayan sai su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, su hau zuwa Gaya, su isa Maraɗi ko Ƙonni, a biya wa baitulmalin Nijar harajinta, sa'an nan su tsallaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ko ta Illela zuwa Sakkwato. A wannan gefe halal ne mai takarda, a wancan gefe fasa-ƙwauri ne. Lokacin da fari na 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975 suka karya noman da garin ya tashi a kansa, wannan ciniki ne ya ɗauki alhazai ya kai su inda gujiya ba ta taɓa kai su ba.

Ƙarfin littafin yana nan: duk hawan da dukiyar alhazai ta yi, ya nuna shawarar da aka yanke a wani ofis, a Yamai ko a Ikko, wadda ta yi wa hawan tsani. Ya kuma nuna yadda attajiri yake maida arzikin kuɗi ya zama arzikin mutane, ta hanyar barori, da gina masallaci, da biya wa mutane kujerar Makka. Ba mu da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan.

2. Kalmar hukuma da abin da take rufewa

Matsalar tana farawa daga kalmar l'État. Duk wanda ya taɓa zama zai fassara ta zuwa Hausa ya san wahalarta: gwamnati ce, ko hukuma, ko mulki, ko ƙasa? Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓa, kuma mutumin kasuwa ba ya ma zaɓen ko ɗaya, sai ya ce "na ga wane". Faransanci kuwa yana ba marubuci damar ya sa kalma ɗaya ta zama mai aikata aiki, kamar wani mutum mai niyya guda tun daga 1960 har zuwa 1986. Alhali a ranar 15 ga Afrilu 1974 laftanan-kanar Seyni Kunce ya kifar da Jori Hamani, kuma daga wannan rana har ranar da littafin ya fito, shekara 12 ke nan, abin da ake kira hukuma majalisar ƙolin soja ce, CMS. Hafsoshi ne suke riƙe da jahohi. Tanja Mamadu, alal misali, ya shugabanci jahar Maraɗi daga 1976 zuwa 1979, ya riƙe ma'aikatar cikin gida, sa'an nan ya shugabanci jahar Tawa daga 1981 zuwa 1988.

Mu dubi abin da ke hannun shugaban jaha (préfet) a waɗannan shekaru. Babu majalisar dokoki, babu jam'iyya, babu jarida mai zaman kanta. Shi ne mai cewa a bar motar hatsi ta fita ko a tsare ta, shi ne yake sa ido a kan rabon taimakon abinci, jandarma da masu gadin iyaka suna jin maganarsa, kuma babu wani babban gini ko rabon fili da za a yi a jaharsa bai sani ba. A daidai wannan lokaci ne kuɗin yuraniyom suka shigo: SOMAÏR ta fara haƙa a 1971, COMINAK a 1978, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka cika Yamai da sabbin gine-gine. Attajirin da yake son kawo siminti, ko jigilar kaya, ko cika rumbunan OPVN da aka kafa a 1970, gaban mai kaki yake zuwa. Mai karatu yana son ya san yadda wannan zama yake gudana, wa ke gabatar da wa, me ake kaiwa, me ake dawowa da shi. A nan littafin ya fi yin magana da sunan hukuma.

Ba mu ɗora wa marubucin laifi mai yawa a kan haka. Wanda ya yi bincike a Nijar a farkon shekarun 1980 da izinin gwamnatin soja yake yawo, kuma mutanen da suka buɗe masa zaurukansu suna da abin da za su yi asara. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda masu bincike da suka zo bayan 1991, lokacin da bakuna suka buɗe, suka gaji wannan rabon aiki kamar gado: masu nazarin kasuwa suna Maraɗi da Ƙonni, masu nazarin soja suna Yamai. Littafin da Kimba Idrissa ya jagoranta, Armée et politique au Niger, wanda CODESRIA ta buga a 2008, aiki ne mai daraja, kuma sunansa kaɗai ya faɗi iyakar gonarsa: soja da siyasa. Wanda Grégoire da Pascal Labazée suka tattara a 1993, Grands commerçants d'Afrique de l'Ouest, shi ma sunansa ya faɗi tasa. Mahaɗar gonakin biyu ce ba a noma ba.

Akwai kuma dalili na biyu, shi ne sunan da Kunce ya bari. Ya zo ne yana zargin manyan gwamnatin Jori da karkatar da taimakon abinci a tsakiyar yunwa, ya ɗaure ma'aikata a kan kuɗin gwamnati, kuma har yau ana ba da labarin yadda yake faɗa wa ofis ba sanarwa. Wannan duk gaskiya ne, kuma shi ya sa mutane da dama suke ɗauka cewa a zamaninsa an raba kaki da kasuwa. Abubuwa biyu sun hana mu yarda. Na farko shi ne Amadu Umaru da aka fi sani da Bonkano, malamin tsibbu kuma mai ba shugaban ƙasa shawara a kan tsaro, wanda ya sami muƙamin laftana ya kuma tara dukiyar da ta zama abin magana a Yamai, har ya kai ga yunƙurin juyin mulki a watan Oktoba 1983 lokacin da Kunce yake taron Vittel a Faransa. A jikin mutum ɗaya an haɗa asiri, da galan, da kuɗi, da kusanci da fada, kuma a ƙarƙashin shugaban da ake yi wa kirari da tsanani.

Na biyu shi ne BDRN. Bankin ya durƙushe a ƙarƙashin basussukan da ba a biya ba, aka rufe shi a 1990, SONIBANK ta tashi a kan abin da ya yi saura. Basussukan ba a dare ɗaya suka taru ba. An ba da su ne a shekarun yalwar yuraniyom da waɗanda suka biyo baya, wato a zamanin soja. Bankin gwamnati ba ya ba mutum miliyoyi ba tare da jingina mai ƙarfi ba sai idan akwai wanda ya tsaya masa, kuma ba ya haƙura da bashi shekara da shekaru sai idan akwai wanda ya ce a haƙura. A ganinmu babu wata takarda da za ta nuna siffar manyan ƙasar nan a wancan zamani kamar jerin masu bashin BDRN, idan aka ɗora kowane suna kusa da sunan wanda ya sa hannu da ranar da aka sa. Taron Ƙasa na 1991, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafi, amma kwamiti irin wannan mai laifi yake nema. Mai nazari kuwa tsarin yake nema, kuma wannan aiki dabam ne.

3. Ubangida da bara: wa ke sama?

Mabuɗin da Grégoire ya yi amfani da shi wajen bayyana zaman attajiri da mutanensa shi ne dangantakar ubangida da bara. Ya dace da abin da aka yi shi dominsa. Sai dai waɗanda suka zo baya sun miƙa shi har ya rufe dangantakar attajiri da masu mulki, kamar a ce al'ada ce guda take maimaita kanta daga zauren Alhaji har zuwa fadar shugaban ƙasa. Idan an yi haka, tambayar da ta fi muhimmanci takan ɓace: a cikin mutanen nan, wane ne ubangidan?

Amsar ba ɗaya ba ce a kowane zamani. A lokacin Jori jam'iyya ce take bayarwa, attajiri yana karɓa. A lokacin Kunce mai kaki ne a sama, kuma attajiri ya san ana iya tsare shi gobe a kan ɓoye hatsi. Bayan rasuwar Kunce a Nuwamba 1987, Ali Saibu ya sassauta, aka kafa MNSD a 1989 a matsayin jam'iyya ɗaya tilo, kuma a cikinta ne aka fara ganin hafsa da babban ma'aikaci da Alhaji a kan benci ɗaya a fili. Amma babban juyin ya zo ne da zaɓe. Yaƙin neman zaɓe a ƙasa mai faɗin Nijar yana cin motoci da mai, da atamfa mai hoton ɗan takara, da buhunan sukari da shinkafa, da kuɗin makaɗa da maroƙa, kuma kuɗin katin ƴan jam'iyya ba ya sayen ko tayoyin. Wanda yake da tsabar kuɗi a hannu shi ne attajiri. Daga 1993 ɗan siyasa yana hawa kujera da bashi a wuyansa, kuma hanyoyin biya sanannu ne: kwangilar da ba a yi gasa a kanta ba (gré à gré), yafe kuɗin duwan, da tura mutumin da mai bashi yake so zuwa ofishin duwan da kayansa suke bi. Mahaman Tidjani Alou ya yi nazarin wannan alwatika ta ɗan siyasa da ɗan duwan da ɗan kasuwa. Badaƙalar ma'aikatar ilimin firamare ta 2006, wadda aka sani da MEBA, ta fito da ita fili: kuɗin masu ba da agaji ne na kayan makaranta, aka tsare tsoffin ministoci biyu, kuma maganar ce ta kai ga majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007.

Jean-Pierre Olivier de Sardan ya taƙaita wannan sabon yanayi a wata maƙala ta 2016 inda ya kwatanta mai mulkin Nijar da ɗan kaso mai gidajen kaso huɗu: na manyan ƴan kasuwa, na ƴan jam'iyya da abokan ƙawance da fadawa, na ma'aikatan ofis, da na ƙwararrun ƙasashen waje. Hoton ya yi kyau, kuma ya sa attajiri a gaba, inda ya dace. Amma a ƙasar da aka yi juyin mulki a 1974, 1996, 1999 da 2010 kafin a rubuta maƙalar, aka kuma sake yi a 2023, mai karatu yana da ikon ya tambaya ina gida na biyar. Shugaban farar hula yana lissafi da hafsoshinsa kullum, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin kwantar musu da hankali ita ce a daina leƙa asusunsu.

Har ila yau sojan bai bar fagen ba a 1991. Tufa ya sake. Tanja ne ya karɓi MNSD a wannan shekara, Mumuni Adamu Jarmakwai, tsohon ministan harkokin waje na Kunce, ya fita ya kafa ANDP-Zaman Lahiya, wato biyu daga cikin manyan jam'iyyun zaɓen 1993 tsoffin hafsoshin zamanin CMS ne suke jan su. Ibrahim Ba'are Mainasara ya ƙwaci mulki ranar 27 ga Janairu 1996, ya tsaya zaɓe a wannan shekara, aka kafa masa RDP-Jama'a a 1997, kuma ba a rasa attajiran da suka sauya sheƙa ba. Tanja ya ci zaɓe a 1999 ya yi shekara 10. Mutumin da ya san ƴan kasuwar Maraɗi da na Tawa yana shugaban jaha mai kaki, shi ne ya dawo yana neman goyon bayansu da babbar riga. Wanda ya raba tarihin nan gida biyu, na soja da na farar hula, zai yanke wannan zare a tsakiya.

4. Siyasar ciki

Wani zai ce ai Jean-François Bayart ya riga ya toshe wannan giɓi. A littafinsa na 1989, L'État en Afrique, wanda ƙaramin sunansa, siyasar ciki, ya aro daga bakin mutanen Kamaru, ya nuna yadda manya na kowane ɓangare, sarakuna da ƴan boko da hafsoshi da ƴan kasuwa, suke narkewa cikin juna ta hanyar auratayya da makaranta da jam'iyya har su zama rukuni ɗaya mai mulki. Akwai gaskiya a ciki. Duk wanda ya halarci ɗaurin auren gidan manya a Yamai ya ga jerin motocin. Kuma ra'ayin yana shiga kunnen Bahaushe da sauƙi domin harshenmu ya riga ya shirya masa wuri: muna cin sarauta, muna cin zaɓe, muna cin kasuwa, muna cin riba, muna cin bashi, muna cin hanci, muna cin amana. Amma wannan sauƙi shi ne abin tsoro. Aikatau ɗaya ne, ayyukan kuwa ba ɗaya ba ne, kuma Bahaushe bai taɓa rikita cin riba da cin amana ba. Nazarin da ya ce kowa ci yake yi ba zai iya gaya mana dalilin da ya sa BDRN ta mutu a 1990 ba a 1975 ba, ko dalilin da ya sa a wani zamani ofishin duwan ne ake kokowa a kansa, a wani zamani kuma ofishin sayen kayan soja.

Tunanin haɗa manyan siyasa da na soja da na kasuwa a wuri ɗaya ya fi Bayart tsufa. C. Wright Mills ya gina littafinsa na 1956, The Power Elite, a kansa, kuma shugaba Eisenhower ya yi gargaɗi a 1961 game da haɗin kan rundunar soja da masana'antun makamai. Amurka suke magana a kai, inda ake ƙera makaman a cikin gida. A Masar da Pakistan kuwa rundunar ce da kanta ta mallaki kamfanoni. A Nijeriya an ga wani salo, inda janar mai ritaya yake zama attajiri da kansa: T. Y. Danjuma ya bar soja a 1979 ya shiga harkar jiragen ruwa, kamfaninsa kuma ya sami rijiyar mai a 1998 a zamanin Abacha. Nijar ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan sosai ba. Ba ma ƙera bindiga, rundunarmu ba ta da daular kamfanoni. Abin da muke da shi shi ne mai shigo da kaya, saboda haka duk abin da soja zai saya, daga takalmi har jirgi mai saukar ungulu, sai ya bi ta hannun dillali. Dillalin nan jikan mai sikelin gujiya ne ta fuskar sana'a: yana rayuwa a kan tazarar da ke tsakanin farashi biyu, kuma takarda ce take ba shi wurin tsayawa.

5. Lokacin da runduna ta zama babbar mai saye

Abin da Grégoire ba zai iya gani ba a 1986 shi ne ranar da kasafin tsaro zai zama kasuwa mafi tsoka. Bayan rushewar Libiya a 2011, da rikicin Mali a 2012, da hare-haren Boko Haram a Diffa daga 2015, kuɗin da ake zubawa a tsaro suka yi ta hawa, kuma ana kashe su a bayan labulen sirrin tsaro. A farkon 2020 wani binciken cikin gida na ma'aikatar tsaro ya fito fili, inda aka ƙiyasta asarar kimanin miliyar 76 na sefa, wani kashi ta hanyar ƙara farashi, wani kashi na kayan da aka biya ba a kawo ba. Binciken ya yi maganar gasar ƙarya tsakanin kamfanonin da mai su ɗaya ne, da kwangilolin da suka bi ta hannun ƴan kasuwa kaɗan. Kowace irin wannan kwangila tana bukatar hannu uku: hafsan da ya bayyana bukata ya kuma shaida cewa kaya sun iso, ɗan siyasar da ya amince a fitar da kuɗi, da ɗan kasuwar da ya kawo takardar farashi. Idan ɗaya ya ƙi, ba ta tafiya.

A nan ya kamata mu gyara wata kalma da muka yi ta amfani da ita don sauƙi. Soja ba abu ɗaya ba ne. Rahoton ya fito ne makonni kaɗan bayan an kashe sojoji 71 a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, da 89 a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020. Waɗannan ba sa cikin alwatikar da muke magana a kai. Su ne suke biyan kuɗinta, kamar yadda ƙananan sojojin da suka yi bore a 1992 da kuma a Diffa a 2002 a kan albashi da halin zama ba su taɓa zama a teburin kwangila ba. Dutse na uku hafsoshi ne ƴan kaɗan masu riƙe da alƙalami. Zanga-zangar da ƙungiyoyin farar hula suka kira a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 don neman a kai maganar gaban shari'a ta ƙare da mutuwar mutum 3 a gobarar kasuwar Tagabati da kama shugabanninta. Gwamnati kuma ta fi karkata ga sulhu da masu kwangilar, a maido da kuɗi ko a kawo kayan.

Kowane sabon mulki a ƙasar nan da kwamitinsa yake zuwa. Kunce ya kafa nasa a kan mutanen Jori, Taron Ƙasa ya kafa nasa, mulkin Salu Jibo ya kafa nasa a 2010, Mahamadu Isufu ya kafa HALCIA a 2011, majalisar CNSP ta janar Abdurahaman Tiani da ta karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 ta kafa COLDEFF a wannan shekara. Dukkansu baya suke dubawa, ga mutanen da aka kayar, kuma abin da suke auna nasararsu da shi shi ne yawan kuɗin da aka karɓo. Ba mu raina kuɗin ba. Amma attajirin da ya biya tara ya riƙe sito da motoci da abokan hulɗarsa na Dubai da Kwatano, kuma sabon mai mulki zai bukaci wanda zai kawo masa shinkafa da mai da kayan soja cikin gaggawa, balle a lokacin takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024. Mutanen da za su iya wannan aiki ba su da yawa, kuma su ne dai na jiya.

Ga ɗalibin da yake son ya ɗora a kan aikin Grégoire, hanyar da muke ganin ta fi ita ce ya bar neman wanda zai faɗa masa sirri, ya bi takardu: jaridar hukuma (Journal officiel) don naɗe-naɗen shugabannin jahohi da na ofisoshin duwan, rajistar ƴan kasuwa don ranar da aka kafa kamfani da sunayen masu shi, sanarwar waɗanda suka ci kwangila, da rahotannin kotun binciken kuɗi. Idan aka jera ranakun kusa da juna, kamfanin da aka haifa wata biyu bayan wani naɗi ya kuma mutu wata biyu bayan wani juyin mulki zai bayyana da kansa. Sai dai wannan hanya ma tana da iyaka, kuma iyakar tana daidai wurin da muka fi bukatar gani. A watan Fabrairu 2024 an sa hannu a kan wata doka da ta fitar da sayayyar kayan tsaro daga ƙarƙashin dokokin kwangilar gwamnati da na lissafin kuɗin ƙasa da haraji. Abin da mai binciken 2020 ya iya gani, domin akwai ƙa'idar da zai auna takardun da ita, wanda zai binciki sayayyar da aka yi a ƙarƙashin wannan doka ba zai sami ma'aunin ba.